Amsar Tambayar Yaya Kan Dokar Kare Yara a New York

Yaya, na saurari saƙonki, kina tambaya wai da gaske ne a Amurka uwa na ɗaga wa ɗanta hannu sai hukuma ta zo ta ɗauke shi. Abin bai kai haka ba, amma da ƙamshin gaskiya a ciki.

Kowace jiha da dokarta. A nan New York ba a hana iyaye tsawatarwa ba, dukan da ya wuce kima aka hana, irin mai barin shatar bulala a baya. Malamin makaranta da likita da nas, doka ta wajabta musu kai rahoto in sun ga alama, wanda ya yi shiru ma ya yi laifi. Rahoton yana zuwa Albany, babban birnin jihar, daga can a turo wa hukumar kula da yara ta birnin nan, wadda muke kira ACS. Cikin awa 24 za su fara bincike, kwana 60 gare su su faɗi ko zargin ya tabbata.

Inda nake so ki fahimce ni shi ne manyan laifuka, kamar lalata da ƙaramar yarinya. A da, sai ta ba ɗan sanda labari, ta sake ba ma'aikaciyar hukuma, ta maimaita wa likita, ta ƙara gaban lauyan gwamnati, kowa da ofishinsa, har ta gaji ta kulle bakinta. A 1985 wani mai gabatar da ƙara a Huntsville ta jihar Alabama, Bud Cramer, ya tara su duka ƙarƙashin rufi ɗaya, ya zamana su ne ke zuwa wurin yaro. Jihohi da dama suka sa tsarin a dokokinsu, har da tamu. Rashin haɗa kai kuwa yana cin rai: a Janairun 2006 an kashe wata 'yar shekara bakwai a gidansu a Brooklyn da ke cikin birnin nan, alhali makarantarsu ta riga ta kai rahoto.

Na taɓa raka wata maƙwabciyata da 'yarta irin wannan cibiya. Ba ka ganin kaki ko bindiga. Ɗaki ne ƙarami da 'yan kujeru da fensiran zane. Mace ɗaya ce ta zauna da yarinyar, tana tambayarta a hankali ba tare da ta sa mata magana a baki ba, sauran jami'an suna bin zancen daga wani ɗaki. Likita ma nan take. Uwar tana ta jan carbi hannunta na rawa, sai ga 'yar ta fito riƙe da takardar da ta yi zane. Ban manta wannan ranar ba.

Shi ya sa mu Hausawan yankin Bronx na birnin nan, na Gana da na Nijar da na Najeriya, muka canza wasu abubuwa. Malaman Islamiyya sun ajiye dorina. Baƙo in ya sauka, tun kafin ya sa yara makaranta ake zaunar da shi a yi masa bayani. Maganar a rufa asiri, manya su sasanta a cikin gida, ba ta da gurbi in an taɓa yaro. Liman zai yi nasiha, ya rarrashi iyaye, amma ba shi zai kashe magana ba. Ni kam Yaya, na goyi bayan wannan da zuciya ɗaya, domin na ga yadda rufin asiri ke kare babba ya bar yarinya da ciwonta.

Ba na cewa babu tsoro. Ma'aikaci ya ƙwanƙwasa maka ƙofa da dare, ya buɗe firij, ya ce zai duba jikin yara, abu ne mai ɗaci, kuma ya fi faɗawa kan talakawa da baƙaƙen fata. Abin da muke gaya wa juna shi ne kada ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba, ki nemi tafinta na Hausa, kuma kada ki yarda ɗanki ya zama mai yi miki fassara.

Ki gaishe min da Inna da yara.