Amsa ga mai tambaya kan sunan Ayashe

Wa'alaikumussalam 'yata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya ya ɗayyaba ya ba ki lafiyar shayarwa. Tun da safe na ga tambayarki ina son in tanka hidimar gida ta hana, sai yanzu na samu zama. Kin ce maigidanki yana so a sa wa jaririyar sunan kakarsa da ta rene shi, wato Ayashe, ke kuma ba ki taɓa jin sunan ba sai a bakinsa, kina son sanin asalinsa da ma'anarsa da kuma ko har yanzu ana sawa. Na ga wasu sun ce miki ai A'isha ce bakin mutanen ƙauye ya lanƙwasa, wata ma ta ce sunan Turkawa ne. Gaskiya ne Turkawa Ayshe suke kiran A'isha, amma wannan nasu ne, bai haɗa hanya da namu ba ko kaɗan.

Ayashe Hausa ce tsantsa, magana ce ma guda aka dunƙule ta zama suna, "a yashe", wato a yasar, a watsar, a bar ta can. Irin yashewar da mutum ke cewa 'yan uwa sun yashe ni, ba yashe rijiya ba. Kuma ba kowace yarinya ake kira haka ba, sunan 'yar wabi ne. In ba ki san wabi ba, shi ne mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, wani kafin suna wani kafin yaye wani yana tsaka da rarrafe, har ta kai in ta samu ciki ba murna take ba sai fargaba.

Ni na san sunan ne a cikin gidanmu, yayar mahaifina Ayashe ce, Allah ya jiƙanta. Kakata sai da ta binne biyar kafin ita, wanda ya fi daɗewa a cikinsu shi ne wanda ya kai shekara uku har yana bin awaki a tsakar gida baƙon dauro ya ɗauke shi. To da aka haifi Gwaggo, yadda tsofaffin gidanmu suka ba mu labari, ungozoma na gama yanke cibi ba a yi guɗa ba, ba a aika kowa barka ba, aka naɗe ta cikin wani tsohon tsumma aka zagaya da ita bayan gida aka ajiye a kan juji kusa da turken awaki, kowa ya juya baya kamar abin bai dame shi ba. Can sai wata tsohuwa maƙwabciya, wadda dama an shirya da ita, ta zo wucewa ta ɗauka tana cewa yau na yi tsintuwa, ta kai ta ɗakinta, daga baya ta kawo wa kakata wai ta taimaka ta shayar mata da 'yar tsintuwarta. Har Gwaggo ta yi wayo ba a ɗinka mata sabon kaya, sai kwance. Dabarar ita ce ko mene ne yake ɗauke yaran nan, iska ne ko maye ne ko bakin mutane, a nuna masa wannan ba mai so, ba ta da wata daraja balle ya yi sha'awa. Kin ga ke nan mai jin sunan daga waje zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali uwar da ta fi kowa son 'yarta ita ke sa shi, tsoro ne ya sa ta ɓoye son.

Kuma Gwaggo ta rayu, ta haifi tara, ta ga tattaɓa kunne. In ana hira ta kan ce ni da aka yar a juji ga shi ni na binne duk waɗanda aka haifa a kan gado.

Sunan yana da 'yan uwa da yawa. Akwai Ajuji, shi kam kin ji jujin a cikinsa ƙarara, kuma maza da mata duk ana kiransu da shi. Akwai Bawa da Baiwa, a nuna kamar yaron ba ɗan gidan ba ne na wani ne. Akwai Barau da Barmo da Barmani, su roƙo ne kai tsaye, a bar mani wannan. Ba mu kaɗai ba ne ma, Yarabawa suna ce wa irin waɗannan yara abiku suna sa musu suna kamar Malomo, wato kada ka sake tafiya, Inyamurai kuma ogbanje suke cewa. Duk inda uwa ta sha binne 'ya'ya sai kin samu irin wannan.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a maganarki, kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba cikin masu amsa. Ayashe laƙabi ne, ba sunan yanka ba ne. Ba limamin da zai raɗa wa yarinya Ayashe ranar suna, ko a da can. Ana yanka rago da sunan Musulunci, sai mata a cikin gida su laƙaba nasu, nasun kuma ya bi yarinya ya danne na gaskiyar har a manta. Dubi Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar gwagwarmayar NEPU da aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, har asibiti aka sa wa sunanta a Zariya, sunanta na yanka Hajaratu ne, Gambo ta samu don ta biyo tagwaye, amma mutum nawa suka san Hajaratun? Haka Kande da Delu, macen da ta biyo maza, haka Azumi da Tasalla da Marka, haka sunayen rana irin su Talatu da Larai da Lami da Jummai da Asabe da Ladi. Duk suna ne da yanayin haihuwa yake ba mutum, ba a zaɓa. Shi ya sa a wurin tsofaffi in kika kira yarinyar da ba 'yar wabi ba Ayashe sai su zaro ido su ce subhanallahi, 'ya'ya nawa kika rasa?

Mu ma ba mu san sunan Gwaggo na yanka ba sai shekarar da za ta Makka. An je yin fasfo ma'aikacin ya tambayi suna ta ce Ayashe, babanmu yana gefe ya ce a'a rubuta Saudatu, ita kanta sai da ta juyo ta kalle shi ta ce au, haka fa, aka yi ta dariya. Mace ta haura sittin ba ta taɓa amsa Saudatu ba. A can ƙasa mai tsarki in jami'ai suka kira sunan sai an taɓa ta.

Batun ko ana sawa yanzu kuwa, gaskiya ya kusa ɓacewa. Na yi shekara ashirin da bakwai ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya, sau ɗaya tak na rubuta Ayashe a rajista, ita ma yarinyar daga wani ƙauye aka kawo ta riƙo, kuma kafin ta gama aji shida ta roƙi hedimasta a mayar mata A'isha saboda tsokanar yara. Farkon fara aikina aji ba ya rasa Talatu biyu da Indo da Kande, lokacin da zan bari kuwa sai Amal da Hanan da Ilham da Afnan, wasu ma iyayen da kansu ba su iya gaya miki ma'anar.

Dalilan a bayyane suke in kin duba. Na farko wabin kansa ya ragu, alhamdulillahi. Agana da ta addabi kakanninmu tun 1980 hukumar lafiya ta duniya ta sanar an gama da ita, rigakafin ƙyanda da tarin shiƙa ya shiga ƙauyuka musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya daga 1985. Sannan an gane da yawa daga abin da ake ɗora wa iska sikila ce, in miji AS mata AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, a da kuwa irin wannan yaro ina zai kai labari ba magani ba asibiti, har ga shi a 2024 Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure. Matar da ta rasa biyu yau asibiti za a kai ta a auna jini, ba mai zuwa juji. Sai kuma makarantar boko, tun da aka fara UPE, wato shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976 yara suka cika makarantu malami sunan yanka yake tambaya ya rubuta, shi zai bi yaro har satifiket, yanzu kuma ga katin ɗan ƙasa ga BVN. Wa'azi ma ya yi nasa aikin, malamai sun yi ta faɗa cewa ajiye jariri a juji don a ruɗi mutuwa canfi ne, rai da ajali na Allah ne, kuma wannan gaskiya ce ba ja. Amma akwai dalili guda da ni yake ɓata min rai, masu wasan kwaikwayo, duk 'yar aiki ko 'yar ƙauyen da za a yi wa dariya sai a kira ta Kande ko Delu ko Talatu, har yaranmu suka ɗauka sunan Hausa abin kunya ne, alhali Ladi Kwali mai ginin tukwane tana nan a bayan naira 20 da sunanta na rana ba wanda ya rage ta da komai.

To shawarata, kada a yanka rago da Ayashe. Annabi (SAW) ya canza sunaye saboda ma'anarsu, 'yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya mai ma'anar mai saɓo (ba irin Asiya matar Fir'auna ba, rubutunsu daban ne a Larabci) ya mayar da ita Jamila, ina ga sunan da yake cewa a yasar da yarinya. Amma fa ki bi maigidan a hankali, kada ki ce masa sunan kakarka ba kyau, mutum ne yake son ya saka wa wadda ta goya shi, kuma wataƙila shi kansa bai san cewa sunan yana nufin uwar kakarsa ta sha binne 'ya'ya ba. Ki ce masa ku nemo sunanta na yanka. Kada ku tsaya kan maza, sau da yawa ba su riƙe ba, babanmu ma don shi ke rubuce-rubucen gidan ne, ku nemi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangin ko ƙawar marigayiyar ta ƙuruciya, ko a duba tsohon fasfonta in ta je Hajji, ko a tambayi wata a dangi da aka riga aka yi mata takwara. In duk an rasa to A'isha ta yi, ga kusancin lafazi, ga shi a Larabci ma'anarta rayayya, dama abin da masu sa Ayashe suke roƙo ke nan.

Kuma ko wanne aka sa ki sani ba lallai ki riƙa jin sa a gidan ba, tunda sunan uwar surukinki ne ko uwar surukarki ba za su iya faɗa ba saboda alkunya, Ummi ko Mama ko Hajiya za ta koma tun ranar suna. Haka aka yi a gidanmu, ƙanena ya sa wa 'yarsa Saudatu muna kiranta Ummi, Gwaggo kaɗai ce in an kai mata ita sai ta ɗaga ta sama ta ce zo nan Ayashe ƙarama, uwar yarinyar ta ɓata fuska tana a'uziyya a ciki-ciki, ita kuwa Gwaggo ta ce bar ni da ita, ni sunan me ya yi min.