Wace bindiga ce ta dace da farautar manyan namun daji a cikin kurmi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Oregon ta Amurka, kuma abokan aikina sun gayyace ni farautar elk, wata babbar barewa da ta fi gwanki jiki, a dazuzzukan tsaunukan gabar teku. Na samu lasisi, amma bindigar da zan saya ta raba kan masu ba ni shawara. Wani ya ce .300 Winchester Magnum, wani ya ce .45-70 domin harsashinta yana keta rassa, na ukun kuma ya ce .30-06 ta ishe ni. Iyakar sanina da bindiga shi ne ta toka da na ga mahaifina yana ɗurawa ina yaro. Wacce zan ɗauka?
Daga wani mai karatu a Portland.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ukun nan ya fi kusa da gaskiya. Elk ɗin da ke wannan yanki shi ne wanda aka raɗa wa sunan shugaba Theodore Roosevelt, kuma namiji yakan haura kilo 300, saboda haka ana bukatar harsashin da zai ratsa fata da ƙashi ya kai huhu. Dokar jihar ta amince da harsashi mai kaurin .24 na inci zuwa sama, amma wannan mafi ƙaranci ne kawai, kuma ban ba sabon maharbi shawarar tsayawa a kansa ba. Harsashin .30-06, wanda sojojin Amurka suka karɓa a 1906, ko ƙanensa .308 Winchester da ya fito a 1952, kowannensu da kai mai nauyin giren 180, wato kusan giram 12, zai kayar da elk idan ya shiga bayan kafaɗa.

Maganar cewa harsashi mai nauyi yana keta rassa tsohon zance ne da maharba suke gadar wa juna, kuma bai kamata ka kashe kuɗinka a kansa ba. Kowane harsashi, komai kaurinsa, idan ya taɓa reshe mai kaurin yatsa yana iya kaucewa ko ya juya ya isa a karkace, sai ka raunata dabba ta shige duhuwa da ciwo. Ita .45-70, wadda ta samo asali tun 1873, tana da duka mai tsanani a kusa, sai dai harsashinta yana saurin sunkuyawa da zarar ya wuce yadi 150. Dajin naku kuwa kamfanonin katako suna sare shi fili-fili, ta yadda mutum zai fito daga inda ba ya ganin abin da ya wuce taku talatin, ya tarar da garke yana kiwo a ƙetaren kwari, nisan yadi 250. A irin wannan wuri mai .30-06 yana da abin yi, mai .45-70 kuwa sai kallo. Magnum ɗin ba ta da aibu a hannun gwani, amma dukan da take yi wa kafaɗa yana koya wa sabon hannu runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

Ƙirar bindigar ta fi lambar harsashin muhimmanci a kurmi. Nemi mai gajeren bututu, inci 20 zuwa 22, wadda ba za ta riƙa sarƙewa a rassa ba, kuma wadda nauyinta da madubin hange bai wuce kilo huɗu ba, domin yini za ka yi kana hawan tudu da ita. Tun da kakar farautar tana faɗowa cikin ruwan saman Nuwamba, ƙarfen da ba ya tsatsa da gindin roba sun fi na katako, wanda yakan sha ruwa ya kumbura ya ɓata saiti. A shago, ka sa rigar sanyin da za ka yi farauta da ita, ka rufe ido ka ɗora bindigar a kafaɗa, sannan ka buɗe; idan sai ka miƙa wuya kafin ka ga cikin madubin, gindin ya yi maka tsawo. Madubin ya zama mai kusanto da abu ninki 2 zuwa 7, ka bar shi a kan 2 muddin kana cikin itatuwa, in ba haka ba elk zai tashi a gabanka ka ga gashi kawai ba ka san ko wane sashe na jikinsa ba ne.

Kan harsashin ma kada ka yi masa rowa. A 1946 John Nosler ya harbi wani moose, dangin barewa da ya fi elk girma, wanda taɓo ya lulluɓe, a British Columbia ta Kanada, harsasan suka tarwatse ba su shiga ba, abin da ya sa ya ƙera kan harsashi mai suna Partition, mai shamaki a tsakiya, wanda gabansa ke buɗewa bayansa ya ci gaba da kutsawa. Kamfanin Nosler yana nan cikin jiharku. Ka saita bindigar da ainihin harsashin da za ka fita da shi, ka yi atisaye a tsaye da kuma a durƙushe. Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, wuƙarka kuma ta kasance da kaifi, domin idan ka iske dabbar da sauran rai yanka ya wajaba.