Shin baƙo yana iya mallakar tsibiri a Vanuatu?

Tambaya: Ina ganin tallace-tallace a intanet na tsibiran sayarwa a ƙasar Vanuatu da ke tekun Pasifik, alhali na ji an ce ƙasa a can ta gado ce. Idan attajiri daga Ostireliya ko Amurka ya biya kuɗi, tsibirin ya zama nasa ke nan har abada?

Amsa: Bai zama nasa ba, ko da kuwa dillali ya rubuta "na sayarwa" a kan tallar. Lokacin da Vanuatu ta sami 'yancin kai a 1980 daga mulkin haɗin gwiwa na Birtaniya da Faransa, tsarin mulkinta ya tanadi a sashe na 73 cewa dukkan ƙasar jamhuriyar ta 'yan asalin da suka gaje ta ce bisa al'ada, su da zuriyarsu, kuma sashe na 75 ya keɓe mallaka ta dindindin ga 'yan ƙasa na asali kaɗai. Saboda haka abin da baƙo yake biya wa kuɗi haya ce mai rajista, wadda ba ta wuce shekara 75. Yana iya gina otal, yana iya sayar wa wani ragowar shekarun hayar, amma tushen mallakar yana nan a hannun dangin.

Wannan tanadi yana da kyau a takarda, sai dai abin da ya faru a tsibirin Efate, inda babban birni Port Vila yake, ya nuna inda gizo yake saƙar. A shekarun 2000 an ba da hayar yawancin filayen bakin tekunsa ga masu zuba jari, suka yanka su fuloti-fuloti, suka sayar da riba mai yawa wadda masu ƙasar ba su ga ko ƙyallinta ba. Mutumin da kakanninsa suka yi su a wata gaɓa sai ya wayi gari ya tarar da shinge da maigadi a kan hanyar da yake bi da kwalekwalensa. Shekara 75 kuwa ta fi ƙarfin rayuwar wanda ya sa hannu, har ta 'ya'yansa, kuma a yarjejeniyoyi da dama an rubuta cewa sai masu ƙasa sun biya diyyar gine-ginen da aka yi kafin su karɓi abinsu, kuɗin da ƙauyen masunta ba zai taɓa iya tarawa ba. A ganina wannan sharaɗi shi ne ya fi komai cutarwa, domin yana mayar da haya ta zama sayarwa ta bayan fage.

Matsala ta biyu ita ce wanda ya sa hannu. Ƙasar al'ada kamar gonar gado ce da ba a raba ba: mutum ɗaya ba ya yanke hukunci a kanta shi kaɗai. Amma a da doka ta ba ministan filaye ikon sa hannu a madadin masu ƙasa idan ana jayayya a kan fili, kuma an yi amfani da wannan ƙofa fiye da kima. Bayan babban taron ƙasa kan filaye na 2006, sai a ƙarshen 2013, zamanin da Ralph Regenvanu yake ministan filaye, majalisa ta soke wannan iko, ta mayar da tantance masu ƙasa ga nakamal, wato dandalin gargajiya inda jama'ar yanki suke zama su yanke shawara. Duk hayar da aka ƙulla ba tare da an bi wannan hanya ba tana iya tayar da shari'a ko bayan shekaru.

A maƙwabciyarta Fiji lamarin ya ɗan bambanta, domin ban da ƙasar 'yan asali, wadda ta kusa kashi 90 cikin ɗari kuma ba a sayar da ita, akwai ɗan kason da aka sayar wa Turawa tun ƙarni na 19, kuma shi ne ake iya mallaka ɗungurungum. Irinsa ne tsibirin Mago, wanda ɗan wasan fim Mel Gibson ya saya a 2005 a kan kimanin dala miliyan 15. Ko a nan ma zuriyar mutanen da aka fitar daga tsibirin a shekarun 1860 sun tashi suna cewa ƙasar kakanninsu ce, kuma ba da yardarsu aka rabu da ita ba.