Gidan 'yartsana na roba: ki yi sana'ar, amma kar ki zuba kuɗin adashinki a guda ɗari

Wata baiwar Allah daga Jidda ta turo min saƙo, ga shi a taƙaice. Tana saida abaya da turaruka daga gida, kwanaki ta siyo wa 'yarta irin gidan 'yartsanan nan na roba da yake zuwa a warwatse cikin kwali sai mutum ya haɗa da kansa, riyal 65 ta siye shi a intanet, ta kashe wajen riyal 30 a fenti da gam da 'yan fitilu, ta kwana uku tana haɗawa tana ƙawata shi, kullum kamar awa uku bayan isha'i. Da ta ɗora a WhatsApp maƙociyarta ta nace sai da ta saida mata a 150, yanzu kuma mutum huɗu sun ce a yi musu. Wata mai kamawa za ta kwashi adashi riyal 6,000, ta samu wani a China zai ba ta guda 100 a riyal 35 kowanne, mai shahan, wato mai dakon kaya, kuma yace 1,500 zai kawo su har Jidda. Tambayarta, ta zuba ko kar ta zuba?

Toh Hajiya, Allah ya sa albarka, wallahi na ji daɗin hotunan da kika turo, hannunki yana da kyau kuma sana'ar nan za ta iya ci da ke. Amma maganar guda ɗari ɗin nan ni dai ban goyi baya ba, bari mu bi alƙalumanki ɗaya bayan ɗaya ki gani da kanki.

Guda 100 a riyal 35 ya kama 3,500, ki ɗora 1,500 na dako ya zama 5,000. Dariba, wato harajin VAT, a nan Saudiyya kashi 15 ce cikin ɗari tun watan Yulin 2020, kuma akan kuɗin kaya haɗe da kuɗin dakon ake lissafa ta, kinga 750 kenan, mun kai 5,750 tun ba mu sa kuɗin jamarik, wato kwastam, da na mai fito miki da kayan ba. Raba 5,750 gida ɗari, kowane gida ya tsaya miki a riyal 57 da rabi. Ke kuma a 65 kika siyi guda ɗaya har ƙofar gida ba tare da ciwon kai ba. Wato duk wannan ɗawainiyar saboda riyal 7 da rabi ne a kowane gida, kuma a cikin ɗarin nan sai kin samu wanda taga ta fashe, wanda babu ƙofa, wanda robar ta lanƙwashe, ba wanda za ki mayar wa.

Sai lokaci, wanda shi ne babban abin da ba ki sa a lissafi ba. Gida ɗaya ya ci miki awa 9. Guda ɗari awa 900 kenan, in kullum awa uku za ki dinga yi ba fashi ba rashin lafiya ba baƙi ba azumi, dare 300 ne, kusan wata goma, duk tsawon lokacin nan jarinki yana kwance a katan ya cinye miki rabin ɗaki a gidanki, abayar da take juyawa duk sati kuma ba ki da kuɗin ƙara ta. Kuma ki duba cinikin farkon da kika yi, 150 cire 95 saura 55, raba da awa 9 ya kama riyal 6 da 'yan halaloli a awa ɗaya. Gaskiya kin yi wa maƙociyarki alheri ne, ba ciniki kika yi ba, kuma dan Allah kar wannan farashin ya zama shi mutum huɗun nan za su riƙe.

Akwai kuma maganar doka, wannan ba na so ki ɗauke ta da wasa. Guda ɗaya ko biyu in suka zo miki ana kallonsu kayan amfanin kai ne, amma guda ɗari iri ɗaya kayan kasuwa ne, ana buƙatar sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, ana buƙatar a yi wa kayan rajista a manhajar SABER ta tantance ingancin kaya, kayan wasan yara kuma dole su kasance da tambarin G na ƙasashen Khalij, wato yankin Gulf, a jikin kwalinsu. In babu waɗannan kaya za su iya zama a tasha kuɗin ajiya yana hawa har ki haƙura da su. In kina da jinsiyya, wato ke 'yar ƙasar Saudiyya ce, abin da sauƙi, ki ciri wasiƙar amal hurr, wato takardar masu sana'ar kansu, ta intanet, ki kuma nemi bayanin tsarin usar muntija na matan da ke sana'a a gida, da wasiƙar za ki buɗe shagon intanet a manhajar Salla ko Zid hankali kwance. In kuma iƙama gare ki, wato takardar zaman baƙi, musamman in a ƙarƙashin maigida kike, toh ki tsaya ki tambayi wanda ya san doka kafin ki faɗaɗa, kuma kar wani ya ce miki ki kawo da sunan sijil ɗinsa ke ki dinga juyawa a bayan fage, wannan shi ne tasattur, dokar da aka fitar a 2020 hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma tana kama mai ba da aron suna da wanda aka ara wa duka. Ina tausayin 'yan uwanmu da yawa da suka faɗa wannan ramin saboda an ce musu ai kowa ma haka yake yi.

Yanzu bari mu zo inda kuɗin yake. Robar kanta ba za ki iya gasa da kowa a kanta ba, masana'antun Shantou a China suna buga ta dubbai a rana, shagunan kayan araha na Abu Khamsa da manhajar Temu suna zubar da irinta a farashin da ke ko gam ba za ki siya da shi ba. Abin da ya sa maƙociyarki ta ciro 150 shi ne labulen da kika ɗinka da ɗan majalisin da kika shimfiɗa a ƙasa. Saboda haka nan za ki zuba ƙarfinki. Gidajen nan duk tsarin Turawa suke zuwa da shi, hoda da fari, da wurin hura wuta a falo, yarinyar da ta tashi a unguwar Gulail ko Hindawiyya a Jidda ba ta san wannan gidan ba. Ki yi mata wanda ta sani. Majalisi na ƙasa da tum-tum da yadi mai zanen sadu, wato saƙar Larabawa, ja da baƙi, 'yar dalla, wato butar gahawa, da finjalai, ɗan kaskon turare, taga mai roshan, wato adon katako, irin na tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, wanda za ki iya saƙawa da tsinken juya shayi na katako ki shafa masa ruwan ƙasa ko kore. Sannan ki yi na gida ƙasar Hausa, ɗakin amarya da jeren kwanuka da za ki yi da murfin kwalba da maɓallai, gado da zanin atamfa, 'yar tabarma, faifai a bango, zanen dagi a saman ƙofa. Wannan na biyun ina da yaƙinin iyaye ma za su siya su ajiye a falo saboda kewar gida, ba yara kaɗai ba. Ƙyallayen kuma kyauta ne a wajen teloli, sai dai ki zaɓi mai ƙananan fure, atamfa mai babban zane in kika yanka ta ƙarama ba ta nuna komai.

Ki lura da sikeli kafin ki siyo kayan ɗaki daban. Akwai 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, akwai 1:24 wanda rabinsa ne. Ƙofa mai mita 2 a na farko tana kusan santimita 17, a na biyu kusan 8, in kika haɗa kujerar wannan da gidan wancan kuɗi ya tafi a banza.

Wajen haɗawa akwai abubuwan da za su hana a dawo miki da kaya. Ki fara wanke robar da ruwan sabulu ta bushe, akwai maiƙon da ke maƙale mata tun daga masana'anta wanda ke hana fenti kamawa, ki ɗan goga sanfefa mai laushi, ki fesa faraima, wato shafin farko, na roba sannan ki bi da fentin akirilik na ruwa shafi biyu ko uku marasa kauri. Ki yi fenti da manna takardar bango tun bangon yana kwance kafin ki tayar da shi, in kika haɗa gidan hannu ba ya shiga lungu. Kar ki kusanto da tina, wato ruwan tsinka fenti, ko ruwan goge farce, narkar da robar suke. Sufa gulu yana sa gilashin taga ya yi fari fat kamar an watsa masa gari, wajen taga ki yi amfani da farin gam mai bushewa garau. Gam ɗin kyandir na bindiga kuma ki bar shi wajen labule da ƙananan ado kawai, kar ki riƙe bango ko rufi da shi, na ga gidan da aka bari a motar mandub, wato mai kai saƙo, da azahar a watan Yuli ya iso rufinsa ya zame gefe guda, kin san zafin Jidda in mota tana rufe. Bango da rufi gam ɗin roba na masu haɗa ƙananan motoci da jirage shi ne daidai, shi yana ɗan narkar da bakin robar ne su haɗe su zama abu ɗaya, amma ki gwada a guntun da ba kya buƙata tukuna saboda ba kowace roba yake kamawa ba, kuma ki buɗe taga in za ki yi aiki da shi.

Wani abu da nake roƙonki saboda Allah, ki dinga tambayar shekarun yarinyar da za a siya wa. Ƙananan kofuna da duwatsun ado ba na 'yar ƙasa da shekara 3 ba ne, batirin fitilar nan mai kama da maɓalli kuma in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni, dole gidan batirin ya zama mai ƙusa da ake ɗaurewa. Kwalin da aka rubuta wa 14+ na manya ne da 'yan mata, na ado ne, ki faɗa wa uwar gaskiya ko da za ta fasa siya.

Farashi kuma ki sa wa awarki kuɗi, misali riyal 15. In hannunki ya saba kika dinga yanka labule da tum-tum na gida uku a zama ɗaya, awa 9 za ta iya saukowa 5 ko 6. Gida 65, kayan ado 30, aiki 90, kwali da soso 10, ya kama 195 kafin riba, kinga bai kamata ya fita ƙasa da 230 ba, mai suna da fitilu da ɗakin amarya ya fi haka. A cikin mutum huɗun nan watakila biyu su janye in sun ji, babu komai, biyun da suka rage su ne kasuwarki ta gaskiya. Ki karɓi rabin kuɗi arbun, wato kafin alƙalami, kafin ki taɓa komai, da shi za ki siyo gidan, kuɗin kai kaya kuma akan mai siya. In za a tura wani gari ki sani yawancin kamfanonin shahan da girman kwali suke caji, tsawo sau faɗi sau tsayi a raba da 5,000, kwali mai santimita 40 da 30 da 35 za a lissafa miki shi kilo 8.4 alhali gidan ko kilo 2 bai kai ba. Shi yasa nake so ki gwada ɗaki ɗaya tal a ɗan akwati, yana da saurin yi, yana da sauƙin turawa Makka ko Madina, kuma yana shiga jakar alhazai masu neman tsarabar da ba kowa ke da ita ba.

Kuɗin adashin kuma ki ware 1,000 kawai. Ki shiga Balad wajen 'yan jumla na Khaskiyya ki tambayi rabin dozin, kayansu sun riga sun wuce jamarik, ki duba tambarin G ki karɓi fatura, wato rasit, in ba su da irin naki ki ci gaba da oda ɗaya-ɗaya inda kika fara siya. Ki yi guda biyu na nuni, ɗaya na Hijaz ɗaya na gida, ki ɗauki bidiyonsu da rana kusa da taga, ki buɗe littafi daban kar ki gauraya da kuɗin abaya, ki dinga rubuta awannin da kowane gida ya ci. Ki fara karɓar odar kyautar sallah tun cikin Sha'aban saboda a goman ƙarshe na azumi ba za ki samu zama ba. Sauran 5,000 ɗin ki mayar da su abaya da turare. In kin saida goma a sabon farashin ki turo min hoton littafin mu sake zama a kai.