Sojan Italiya ko na Sifen: wanne zan fara saye?

Tambaya: Malam, ina so in shiga wasan yaƙin tebur da ƙananan mutum-mutumin sojoji. Zamanin yaƙe-yaƙen Italiya, inda Faransa da Sifen suka yi ta gwabzawa a ƙasar Italiya daga ƙarshen ƙarni na 15, shi ne ya ja hankalina, amma kuɗina ba su wuce na kwali ɗaya ko biyu ba. In fara da dakarun Italiya ko na Sifen?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ciro ko kwabo, zaɓi shekarar da kake so ka buga. Sojan Sifen na 1495 daban yake da na 1503. A yaƙin Seminara da ke kudancin Italiya, cikin 1495, kwamandan Sifen Gonzalo de Córdoba ya shigo da mutane masu takobi da 'yar garkuwa, ragowar salon yaƙin Granada da ya ƙare a 1492, sai mahayan Faransa da 'yan Suwizalan masu dogayen masu suka tarwatsa su. Ya koma ya yi gyara, ya ƙara masu dogon mashi da masu bindiga mai lagwani. A yaƙin Cerignola, shi ma a kudancin Italiya, cikin 1503, bindigogin nan da ke bayan rami su suka karya Faransawa.

Ni dai da Italiya zan ce ka fara, saboda aljihunka. Biranen Italiya irin su Venice da Milan da Florence sojan haya suke ɗauka, don haka rundunarsu gauraye take. Kamfanin Perry Miniatures na Ingila yana da kwalin mutum-mutumin roba na sojan hayan Turai na 1450 zuwa 1500, mutum 40 masu girman milimita 28, kai ne za ka manna musu hannu da makami da gam. Daga kwali ɗaya za ka fitar da masu dogon mashi, da masu bindiga, da masu bakan nan mai ƙota da ake ɗanawa, wanda 'yan Genoa suka yi suna da shi. Idan daga baya ka ƙara 'yan takobi da garkuwa guda goma sha biyu, rabin mutanen nan sun zama na Sifen.

Ka lura da kwalkwali sosai. Dogon kwalkwalin nan mai tukku da baki a tanƙware, wato moriyon, wanda ake zana sojan Sifen da shi a ko'ina, sai can wajen tsakiyar ƙarni na 16 ya yaɗu. Abin yana ci mini rai in ga an jera masu wannan kwalkwali a wasan yaƙin Cerignola na 1503. Garkuwar fata kuwa da suke kira adarga, wadda suka gada daga Musulmin Andalus har da sunanta na Larabci, ta dace da shekarun farko.

Tambaya: Na ga masu milimita 15 sun fi araha. Zan iya haɗa su da na 28?

Amsa: A'a, ƙanena, a tebur ɗaya za su zama kamar yara a cikin manya. Zaɓi girma ɗaya, kuma ka tambayi wanda za ku riƙa bugawa tare wanne yake da shi. Yawancin na 15 na ƙarfe ne, don haka ka lissafa nauyinsu a kuɗin aikowa kafin ka biya.