Bencin baya da abin da ake nema da shi

'Yata, na ga tambayarki. Kin ce an sa ƙawarki a horo, an cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, tana zama a bencin baya har wata shida, kuma kina so ki san ko Littafi Mai Tsarki ne ya ce a yi haka, ko kuwa hanyar kunyata mutum ce kawai.

Bencin kansa babu shi a Littafi. Al'ada ce, kuma ikkilisiyoyi sun bambanta a kanta. Amma horo yana nan, kuma ba za ki gane shi ba sai kin gane dalilin da ya sa muke taruwa tun farko. Ba don gini muke taruwa ba, ba don yawan baiko ko anko na Zumuntar Mata ba. Muna taruwa ne domin mutum ya sāke. A Romawa 12:2 Bulus ya yi maganar sabunta hankali. A Afisawa 4:28 ya nuna yadda sākewar take: ɓarawo ya daina sata, ya kama aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci. Duba da kyau, bai tsaya a kan daina sata ba. Hannun da yake ɗauka ne ya koma mai bayarwa. Horo kayan aiki ne na wannan sākewar, kamar yadda ake ɗora karaya don ƙashi ya haɗu.

Tsarin yana Matiyu 18:15-17. Da fari wanda ya san laifin ya je shi kaɗai, daga shi sai mai laifin. In an saurare shi, magana ta ƙare a nan, babu mai ji. In an ƙi, ya koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai bayan wannan ne zance yake isa gaban ikkilisiya, wanda a wurinmu yakan fara da fasto da dattawa. Yawancin ɓarnar da nake gani daga tsallake matakin farko take fitowa. Labari ya zaga kasuwa da bakin rijiya kafin wani ya zauna da yarinyar. A lokacin da dattawa suka kira ta, zuciyarta ta riga ta taurare, kare kanta take yi, ba tuba ba.

In an yanke horo, ana dakatar da mutum daga jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke ci suna sha tare don tunawa da mutuwar Almasihu, da duk wani aikin da yake riƙe da shi, amma ba a hana shi sujada, domin Maganar Allah ce maganinsa. Sanarwa ta zama gajeriya, ba a zayyana abin da ya faru. Sa'an nan abu mafi muhimmanci, wanda aka fi mantawa: a ba shi mutum. Namiji a haɗa shi da dattijo, mace da dattijuwa mai riƙon asiri, su riƙa haɗuwa aƙalla sau ɗaya a mako, su yi karatu da addu'a, a tambaye shi yadda yake fama da abin da ya kā da shi. In akwai haƙƙin wani, a mayar. Zakka ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, kin san labarin a Luka 19. Inda ba a yi wannan ba, watanni shidan ƙidayar kwanaki ce kurum. Mutum ya dawo yadda ya tafi, sai dai ya koyi ɓoyewa.

Maganar tsawon lokaci tsohuwa ce. A babban taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Nikiya, a shekara ta 325, an yanka wa waɗanda suka yi musun bangaskiya ba tare da an tilasta musu ba shekara 12, mataki mataki, kafin su koma ga jibi. Amma taron nan dai ya ce a duba niyyar mai tuba da halin tubarsa, bishop yana iya sassautawa. Ke nan tun a wancan zamani sun san ba kalanda ce take auna zuciya ba.

Akwai abin da yake ci mini rai, kuma gara ki ji shi daga bakina. Sau da yawa horo yana faɗa wa laifin da ido yake gani ne kawai. Ciki ba ya ɓuya, sai yarinya ta zauna a baya, wanda ya yi mata yana gaba yana kiɗa. Mai tauye mudu, mai dūkan matarsa, mai cin gonar marayu, ba a taɓa su, balle in su ne suka sayi kwanon rufin majami'a. Wannan ba horo ba ne irin na Littafi. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya fāɗi cikin tawali'u, mai komowar kuma ya kula da kansa kada shi ma a jarabce shi.

Ranar maidowa ma aiki ce, kada a yi ta a gurguje. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce hukuncin ya isa, a yafe, a ta'azantar, kada baƙin ciki ya haɗiye mutumin. Tunda a fili aka dakatar, a fili za a karɓa: fasto ya yi addu'a, dattawa su ba da hannu, ƙawarki ta ci jibi tare da kowa, ta koma cikin mawaƙa, kuma kada a ƙara tada zancen ko a ranar aurenta.

Ke kuma ga naki. Ki tambayi matar fasto, cikin ladabi, ko an ba ƙawarki wadda take ziyartarta. In ba a ba ta ba, ki roƙa a ba ta. Ranar Lahadi ki biya ta gidansu ku tafi tare, in an tashi kuma ku dawo tare. Ki gaishe mini da mamarki.