Sun sayi gidan rediyon sun sallame ni, ko kotu za ta mayar da ni?

Tambaya: Barista, shekarata shida a sashen labarai na wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Kano. Bara wani attajiri mai wasu tashoshin ya saye shi, aka haɗe ɗakunan labarai, aka sallame mu mu tara da sunan rage ma'aikata. Mako biyu kafin nan na yi rahoto kan wata kwangila, aka ce bai yi wa maigida daɗi ba. Ina bin su albashin wata uku. Ai tsarin mulki ya ba ɗan jarida 'yanci, ina so kotu ta mayar da ni aikina.

Amsa: Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ban ga takardar ɗaukarka aiki ba, ban ga ta sallama ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan na gan su.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 da kake dogaro da shi ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, amma bai ce dole wani ya ci gaba da biyanka albashi ba. Hasali ma sashen ne ya yi maganar 'yancin mallakar kafar yaɗa labarai, wato shi ma maigidan zai iya dogara da shi. Sashe na 22, mai ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido kan gwamnati, yana babi na biyu, wanda galibi kotu ba ta tilasta aiki da shi. Abin yana damuna ƙwarai, domin idan tashoshi da yawa suka koma hannun mutum ɗaya, wanda aka kora a nan ba shi da ƙofar da zai buga a can. Amma damuwata ba hujja ba ce gaban alƙali.

Batun mayar da kai ma ka rage sa rai. A aikin kamfani mai zaman kansa, kotu ba kasafai take ɗora wa mai aiki ma'aikacin da ba ya so ba. Abin da aka fi samu shi ne kuɗi.

Wannan ba ya nufin hannunka wayam yake. Albashin wata uku bashi ne, ba alfarma ba, kuma ban ga uzurin wanda ya iya sayen tasha amma ya kasa biyan wanda ya yi masa aiki ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya kai shekara biyar a ba shi sanarwar wata ɗaya, ko kuɗin madadinta. Sashe na 20 ya ce idan rage ma'aikata za a yi, a sanar da ƙungiyarsu, a fara da na baya-bayan shigowa, tare da duba ƙwarewa, a kuma yi ƙoƙarin sasanta kuɗin sallama. Sai dai a yi hattara: sashe na 91 ya cire masu aikin ƙwararru da na shugabanci daga ma'anar "ma'aikaci", kuma lauyansu zai iya cewa ɗan jarida yana cikinsu. In haka ta faru, takardar ɗaukarka ce za ta yi magana.

Rahoton kwangilar fa? Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba ta hurumin irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a Kano, ta sha yanke cewa kora ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba rashin adalci ce. Amma ku tara aka sallama. "Aka ce" ba ta isa ba. Akwai saƙon WhatsApp, ko takardar gargaɗi, ko wanda zai tsaya ya shaida?

Ka kuma bincika a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko hannun jari ya saya ko kayan tashar. In hannun jari ne, kamfanin bai sauya ba, shekarunka shida suna nan, bashin ma yana kansa. Ka duba asusun fanshonka: dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kashi 8, in dokar ta hau kansu. Wanda ya yi wata huɗu bai sami aiki ba yana iya neman kashi 25 na abin da ya taru.

Shawarata, kada ka fara da kotu, shari'a tana cin lokaci da aljihu. Ku haɗu ku tara, lauya ya rubuta takardar neman haƙƙi da adadin kowa, ku sa NUJ, ƙungiyar 'yan jarida, ko RATTAWU, ta ma'aikatan rediyo da talabijin, a ciki, a zauna sulhu. Ita kanta kotun tana da cibiyar sasanci. Kafin nan kada ka sa hannu a wata takarda mai cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka, kuma ka riƙe bakinka a Facebook game da maigidan, kada a juyo maka da ƙarar ɓata suna. Ka kawo takardun biyu da bayanan banki na watanni shida na ƙarshe, mu ga inda ka tsaya.